Tsohon da Ba Ya Riƙe Suna

"Lafiya lau, tsoho. Ashe kana nan? Na ɗauka zan tarar an rataye ka a bango tare da matattun agogunan nan."

Mai gyaran agogo bai ɗago ya dubi jikarsa ba. Tun safe agogo ɗaya ne a hannunsa, ya kwance ya ɗaure har sau uku, don hankalinsa ba ya kan teburin. Yau jikarsa ta je gwajin koyarwa a wata makaranta, inda za ta ba da darasin Turanci a gaban yara da masu ɗaukar aiki. Sau biyu a baya tana zuwa irin wannan gwaji bakinta yana mutuwa, ta dawo da kuka. Tsoro yake ji sosai, amma ko kusa ba zai bari ta gani ba.

"Ke da kika fita da takalmin aro? Faɗa mini, korar ki aka yi ko da kanki kika gudo?"

"Ka ga alamar gudu a jikina?"

"Alamar yunwa na gani. Kwana uku kin dasa ni a bencin nan kina mini hu-hu, wic-wic, kamar an haɗa mujiya da ɓera a buhu. Ko kalma ɗaya ban kama ba."

"Ai kan ne ya yi tsatsa. Abu mai sauƙi, yadda ake cewa wanda da wadda da Turanci, a liƙa wa mutum bayani."

"To kin liƙa?"

Ta ja kujera ta zauna, ta cire takalmin.

"Ina tsayawa gaban allo, mutum uku suka zuba mini ido, duk misalan littafin suka watse daga kaina. Alli ma ya karye."

"Subhanallahi!"

"Sai na tuna da wani tsoho."

"Wane tsoho kuma?"

"Wani da ya shekara arba'in yana sana'a bai taɓa riƙe sunan mai kawo gyara ba. Sai dai ya rubuta a 'yar takarda ya ɗaura wa agogo: mutumin da hancinsa ke riga shi shigowa. Matar da ke ciniki da salati. Direban da agogonsa ya fi motarsa gudu."

"Ke! Asirin sana'ata kika kai kasuwa?"

"Ɗaya bayan ɗaya na juye su da Turanci. Da suka ƙare na ƙara da kakana, wanda ke barci da gilashin gyara a ido, ya farka ya ce duniya ta kumbura."

"Sharri ne! Sau ɗaya tak aka yi!"

"Shugabar makarantar sai da ta cire tabarau tana share hawaye. Yaran kuwa kowa ya ɗaga hannu, shi ma zai kawo nasa kakan."

"Wato ni kika yanka kika raba musu. Na ji. Sai kuma aka yi yaya?"

"Aka yi yaya da me?"

"Ke 'yar nan, kada ki tsayar mini da zuciya, ba ni da batirinta a shagon nan."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Litinin, ƙarfe bakwai da rabi. Aji biyu suka ba ni."

Tsohon ya sauke ajiyar zuciyar da tun safe take tokare masa ƙirji. Daɗi ya kama shi har ya rasa zagin da zai mayar. Ya juya mata baya yana lalube a durowa, ya kuma daɗe fiye da yadda laluben ke bukata.

"Kuka kake yi, angona?"

"Wa? Ni? Man agogo ne ya faɗa mini a ido." Ya fito da wani ƙaramin agogon hannu, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa mata. "Ungo. Yau kam kin kayar da ni. Amma wadda ta makara ranar farko ba jikata ba ce."

Ta ɗaura, ta kara a kunne. "Yana ma tafiya kuwa?"

"Ya fi bakinki tafiya daidai, Malama."

Ya tsaya ya saurari kalmar da ta fito daga bakinsa. Sai ya sake faɗinta, yana dariya.