Randar Kaka Diza Ta Ƙi Tashi

"...Ina gajiya, Ango? Kai da igiya a ƙugu, sa ne ya kubce maka?"

Bara'atu ce ta faɗo gidan kakanta Na-Allah, ta iske shi yana haki. Ruwan jiya ya tsaga katanga, ta sunkuyo kan randar marigayiya Kaka Diza, wadda ta zo da ita daga Gaya ta ƙetaren gada ranar aurenta da shi. Katangar na faɗuwa, randa ta tafi ke nan.

"Amarya, aje surutu ki kama. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka, ko da shike ni da hannu guda nika jefa buhun albasa bisa tirela."

"Buhu ko ƙullin miya? To, gwani, wa ka ɗaga randa da ruwa ciki?"

Ta kwashe ruwan tas. Suka rungumi randa, suka yi bisimilla. Ko gezau.

"Ƙarfin mata sai yawan magana! Hannu kamar taliya."

"Naka hwa? Ƙarar gwiwarka har duwan, 'yan kwastan na bakin gada, sun jiya."

"Kawo taɓare biyu. Mu kwantar da ita bisa, mu gangara ta yadda masunta ka yi wa jirgi."

Ta kawo. Amma kafin a gangara ai sai an karkata, randa kuwa ta ƙi. Kan Bara'atu ya ɗaure. Ta leƙa ciki, babu komai. Ta dubi katanga, ƙasa na zubowa.

"Ko Diza ce ta riƙe?" in ji tsohon a hankali. "Ta ga na yi amarya."

"Amaryar da ba a ba ko goro ba?"

Ta durƙusa ta tone yashin gindin randar. Farcenta ya ci karo da abu mai tauri.

"Kaka, siminti ne! Wa ya yi wannan aika-aika?"

Na-Allah ya sosa gemu, ya dubi sama, can ya ce, "Af!"

"Af mi?"

"Diza ce. Kullum munka yi faɗa sai ta ce za ta ɗau randarta ta ƙetare gada. Rannan ta tahi kasuwa, ni ko na kwaɓa rabin buhu."

"Shi ne ka bar ni ina nishi?"

"Na mance! Amma ta tahi? Shekara arba'in tana nan."

"Ba simintinka ya riƙe ta ba, tausayi ne. Tsohon doki sai mai shi. Tashi, tunda randa ba ta gusawa, katanga za mu tokare."

Suka kafa taɓaren nan biyu da wata tsohuwar azara, katanga ta tsaya. Tsohon ya zube kan dakali yana dariya har da tari.

"Kin kada ni, Amarya. Na ba ki randar, sadakinki ke nan. Ɗauki abinki."

"In ɗauka da mi?"

"To, zauna inda take."