Ranar da na yi wa Dije sharri a gaban Inna

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan manta da ranar da na tara mutanen Dakoro a lakwal ɗinmu, makarantar da nake koyarwa, don in nuna musu ni ma na waye ba.

Lokacin na dawo daga wani horo a Maradi, inda aka koya mana wata manhaja ta ordinater, wato kwamfuta. Ka zuba mata littafi sukutum, ta gaya maka wa ya ambaci wa, wace kalma ke bin wacce. Kaina ya kumbura. Na samo wani tsohon littafin labari da wani malamin Birnin Lalle ya rubuta a farkon samun mulkin kai, labarin wata uwa, Dije, da 'ya'yanta. Na buga shi kaf na zuba. (Karantawa a natse? Ina! Ai na wuce nan.)

Abin da ya fito ya girgiza ni. Dije na kiran sunan kowane ɗa nata, amma ban da Iro, babbansu. Ko sau ɗaya. Kalmomin da ke kusa da shi a bakinta su ne “wancan” da “yaron nan”. Na ce shi ke nan, na gano abin da ya shige wa kowa duhu.

Na aika Kornaka aka zo da Inna, mahaifiyata, da ƙanwata Rabi. Burina ɗaya, Inna ta ga ɗanta ya burge gari. Aka zaunar da su a gaba, kusa da dirakta, shugaban lakwal ɗin.

Na haska zane a bango, na gyara wuyan riga, na ce, “Jama'a, na'ura ba ta ƙarya. Dije muguwar uwa ce. Ta tsani ɗanta na fari, ko sunansa ba ta iya faɗa.”

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka burgewa ce, har na ƙara da cewa irin wannan uwa ba ta cancanci haihuwa ba.

Sai na ji muryar Inna. Ba ni ta kalla ba, Rabi ta kalla.

“Rabi, tambayi wancan. Tun da ni haihe shi, ya taɓa jin sunanshi a bakina? To ni ma ƙin shi nika yi ke nan?”

Innalillahi! Sai a lokacin na tuna ni ɗan fari ne. Kunyar ɗan fari, wadda kowace uwa a ɗakin ta sani, wadda a cikinta na girma, ita na haska a bango na kira ta ƙiyayya. Dirakta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Inna ba ta yi dariya ba, gefen gyale ta kai ido. Wallahi na gwammace a ce mari ta kwaɗa mini.

Har yau ina aiki da manhajar, ba ta da laifi. Amma duk abin da ta ce ta gano, sai na fara kai wa Inna, ta hannun Rabi.