Yadda Na Buɗe Reshe Ban Sani Ba

Jama'a, ku taya ni murna, ashe na yi arziki ban da labari! Shekaranjiya na zo buɗe shagona na aski sai na tarar da takarda manne a ƙofa. Wai hukuma na yaba mini bisa buɗe reshe na biyu, saboda haka harajina ya ninka. Ni da nake wuni ina aske iska da kilifa!

Ga yadda abin ya faru. Shago goma ne a gininmu, bakwai a garƙame. Mai wanki da guga ya tafi, mai gyaran waya ya bi shi, don wanda ya wuni a layin mai ba ya tuna rigarsa ta yamutse. Saura ni da tela da mai hoto. Mai ginin, wanda muke kira Baba Mai Makullai, har ya rame.

Watan jiya aka ce Mai Girma Uban Ƙididdiga zai zo ya ga yadda sana'o'i ke bunƙasa, kuma ginin da ya burge shi zai samu tallafi. Baba ya tara mu.

"'Ya'yana, ku rufa mini asiri. Kowa ya ara mini abin da ba ya amfani da shi, mu zuba a shagunan da ke garƙame a ga kamar da mutane."

Na ce, "Baba, ramin ƙarya fa ƙurarre ne."

"Kai dai kawo kujerar, sarkin wa'azi."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na kai tsohuwar kujerata da madubi shago na huɗu, tela ya kai mataccen kekensa na shida, aka zaunar da surukin Baba a kujerar tawa da tawul a wuya. Mai Girma ya iso da motoci goma sha biyu, man da suka sha ya isa ya tayar da janaretona shekara guda. Minti shida ya yi, Allah ya ƙara masa kuzari. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ina masu cewa kasuwa ta mutu?" Muka tafa, har da ni, don kunya ba ta kashe ni ba.

Tallafi dai har yau yana hanya. Abin da ya iso shi ne takardar nan, da wata ta Baba: gini mai cike da 'yan haya, kuɗin ƙasarsa ya tashi. Baba ya juyo kanmu da ƙarin haya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tela ya kwashe kayansa ko sallama babu.

Jiya na kai wa Baba makullina. Wallahi raina ya ɓaci, shekara goma sha ɗaya nake shagon nan, da shi na aurar da ƙanwata. Baba ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Ba zan karɓa ba. Idan ka tafi, ɓarayi har ƙofofin za su cire. Ka rufe askin, hukuma ta fita harkarka. Ka zauna ka riƙa duba mini ginin, zan ɗan riƙa ba ka na cefane."

Na dubi kilifata, na tuna bakuna biyar da ke jirana a gida, na ce to.

Na shigo ginin nan da sana'ata, yau ga ni mai gadi. Ku sa ido a rahoton baɗi, za ku ji an ce an samar da sabon aikin yi guda ɗaya a unguwarmu. Ku tafa da kyau, ni ne.