Yadda Kyaftin Ya Kare Jirginsa Daga Ƙanƙara

Duk ƙasar Kazaure, daga Roni har Gwiwa, in ana batun sanin ruwa to a tsaya a kan Alhaji Rilwanu. Shekara talatin ya yi yana sa hannu a takardu a ofis, sannan Allah ya nufe shi da zuwa kwas na mako biyu a ƙasar Turawa, inda aka ɗauke shi hoto a kan jirgin ruwa. Tun daga wannan hoton bai ƙara zama mutumin tudu ba. Da ya yi ritaya, abokansa suka sayi shanu da gonaki. Shi kuwa ya sayo jirgin ruwa na shaƙatawa mai inji, fari fat, ya sa aka rubuta masa suna a gefe: Sai Kallo. Ya samo farar hular matuƙa ya haɗa da babbar riga. Mutanen gari suka raɗa masa Kyaftin, yana ji yana murmushi, don a zatonsa girmamawa ce.

Jirgin nan ya sha gata. Kullum a wanke shi da sabulu mai ƙamshi, a goge da tawul. Ba a hawansa da takalmi, ba a hawansa da goro a baki. Hajiya Shatu, matar Kyaftin, ta ce shekararta ashirin da bakwai a gidan ba a taɓa tambayar lafiyarta sau uku a safiya ɗaya ba, amma injin nan kullum sai an tambayi tasa. Duk Juma'a bayan la'asar Kyaftin zai zagaya dam ɗin garinmu a guje, yana korar kifi, yana jijjiga kwale-kwalen masunta. Yana ɗaga musu hannu, su ma suna ɗago masa. Bai taɓa lura cewa nasu yatsun a ware suke ba.

Ana nan sai ƙungiyar masu amfani da ruwan dam, wato masunta da makiyaya da masu noman rani, ta sa ranar zaɓen shugaba a ƙarshen Fabrairu. Kyaftin ya ji kujerar nan har cikin ƙashinsa. Abokin takararsa ɗaya ne, Malam Daudu, wani tsohon masunci da ko agogo ba ya ɗaurawa.

"Jama'a, ruwa ilimi ne," in ji Kyaftin a taro. "Ba gadonsa ake yi ba, karanta shi ake yi. Ranar zaɓe zan ɗauki dattawanku a jirgina, in nuna musu dam ɗin nan yadda iyayensu ba su taɓa ganinsa ba. Daga nan sai ku zaɓa."

Damina ta ɗauke, dam ya cika maƙil. Kyaftin ya buɗe littafin da ya zo tare da jirgin, ya ci karo da babin da ya hana shi sukuni: in sanyi ya shigo, ruwa yakan daskare ya fasa inji. A garinmu ba mai ganin ƙanƙara sai a kular mai zoɓo, ita ma sai ranar da aka kawo wuta. Amma Kyaftin mutum ne mai hangen nesa. Ya tsiyaye ruwan injin, ya canza baƙin mai, ya cire batir ya kai ɗakinsa ya ajiye kusa da gado. Ya yi kwana uku a Kano yana neman maganin hana daskarewa, har wani mai shago ya tambaye shi ko Rasha za shi. Daga nan ya sa aka tura jirgin wani lungu na dam inda iska ba ta kaɗawa, aka ɗaure shi a jikin wata giginya, aka lulluɓe shi da shuɗin tamfol.

Malam Daudu yana gyaran komarsa ta kamun kifi a kusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan fa ba ruwa ba ne, gonar Tasalla ce. Ruwa aro ya yi."

"Malam Daudu, ka taɓa ganin ƙanƙara ta fasa inji?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To ka gani. Abin da ba ka sani ba ke nan."

Littafi ya ce a bar jirgi a rufe wata huɗu, Kyaftin kuwa ba ya saɓa wa littafi. Ya hana kansa ko leƙa wurin, wai kada zuciya ta ja shi ya buɗe tamfol kafin lokaci. Gari kaf an san abin da ke faruwa a lungun nan, amma wa zai koya wa Kyaftin ruwa?

Ranar zaɓe ya raba wa dattawa takwas da za su jefa ƙuri'a a madadin ƙungiya rigunan ceto masu ruwan lemo tun daga ƙofar gidansa, ya tabbatar kowa ya ɗaure tasa a kan babbar riga. Haka suka ratsa kasuwa a jere, shi a gaba da batir a kafaɗa, yana koya musu yadda ake zama in igiyar ruwa ta taso.

Suka isa giginya. Igiya na nan a ɗaure, jirgi ma na nan. Ruwa ne kawai babu, yana can nesa yana ƙyalli, tafiyar minti ashirin. Sai Kallo na zaune daram a tsakiyar albasa kore shar, an jera kauɗar tumatir a kan tamfol tana bushewa. A inuwarsa wata dattijuwa, Tasalla mai gonar, tana yanka wani tumatirin.

Kyaftin ya sauke batir a hankali. Ni da na gani da idona, sai da ya ba ni tausayi na ɗan lokaci. Ya ce maza a nemo tarakta ta ja jirgin zuwa ruwa.

"Alhaji, a ja shi ta ina?" in ji Tasalla. "Albasata saura wata guda."

Mai unguwa Sama'ilu, babban dattawan, ya gyara rigar cetonsa ya ce ai ƙa'idar dam tun kaka da kakanni ita ce, ƙasar da ruwa ya janye ya bari ta mai nomanta ce, ba a taka shuka sai an cire amfani. Ya ƙara da cewa wannan ce ƙa'ida ta farko da shugaban ƙungiya zai riƙa tsarewa.

Girman kai rawanin tsiya, amma Kyaftin bai yarda nasa ya warware ba. Ya ɗaga gefen tamfol, ya shafa injin, ya juyo.

"Ku dai shaida ne, jama'a. Ko ɗigon ƙanƙara bai taɓa shi ba."

Dattawa suka ce wallahi sun shaida. Tunda ga inuwa, suka zauna nan gindin jirgin da rigunansu na ceto suka yi zaɓe. Malam Daudu ya samu ƙuri'a takwas cif.

Da za a watse, Tasalla ta miƙo wa Kyaftin ƙullin kauɗa a leda, ta ce a kai wa Hajiya.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji, bana ko ɗaya bai ruɓe min ba. In Allah ya kai mu baɗi, don Allah ka ɗan matso da shi gabas. Can ya fi samun rana."