Kiltina da Tagar da Ba Ta da Labule

Talata, ana yayyafi. Aikin farko: rubuta wa masaƙa, a kai wa jaridar gari kwafi.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Masaƙar Glenfarrow da 'Ya'yansa, mai tufatar da manyan dangi, mai riƙe da zanen kakanninmu duka, har da na waɗanda ba su da halin saye,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan tumakinku suna cikin ƙoshin lafiya. Sunana Murdo Garrow, mai yanka tikiti a tashar jirgin ruwa ta Ardcullin. Ba ku san ni ba, kuma ban ga laifinku ba. Na yi ta rubuta wasiƙar nan ina yagawa, don har yanzu ban tabbata ba ko ni ne mai laifin. Matata Ishbel ta ce takarda ta kusa ƙarewa, in aika hakanan.

'Yata Morven za ta yi aure ƙarshen wata mai zuwa. Abu ɗaya ta roƙe ni: in shigar da ita coci ina ɗaure da kilti, ɗaurin ƙugun nan na ulu da mazanmu ke yi zuwa gwiwa, mai zanen gidanmu, kamar yadda kakanta ya tsaya a hoton da ke saman murhu. Na ce wannan ai da sauƙi, na sauko da akwatin mahaifina. Ashe asu sun riga ni. Abin da suka bari na kiltinsa bai fi faɗin tafin hannu ba. Ba su nake ƙara ba, yunwa ce ta kai su. Ƙorafina da ku ne, kuma na jera shi bi da bi don kada in ɓata muku lokaci.

Na ɗaya. Na zo babban shagonku. Mai tsaron kanti, mutum mai ladabi ƙwarai, ya ce zanen Garrow "ba a cika nemansa ba", sai an ɗaura masaƙa musamman, kuma ba kwa ɗaura ta saboda yadi takwas ɗin mutum ɗaya, sai dai bandir guda. Ranka ya daɗe, Garrow nawa kuke zaton sun rage a duniya? Ni ne, sai ƙanena da ke Kanada, wanda wando yake sawa, sai goggona Effie. Da ya faɗi kuɗin na ɗauka lambar wayar shagon yake ba ni, har na ciro biro. Ina tambaya cikin girmamawa: tumakin nan jami'a suka yi? A kan katifa suke kwana?

Na biyu. Da ya ga fuskata, sai ya janyo wani yadi mai araha, irin wanda kuke sayar wa baƙi masu ɗaukar hoto. Ni ba na yanke hukunci sai na gwada, don haka na karɓi ɗan ƙyalle na rataya a igiyar shanya ta bayan gida, mai kallon teku. Tun safe iska ta ɗaga shi sama, har na dawo daga aiki bai sauko ba. Ranka ya daɗe, kun fi ni sanin abin da al'ada ta ce a sa a ƙarƙashin kilti, wato babu. Kun kuma san cocinmu a kan tudu take. Goggo Effie, wadda take ɗinka kilti tun kafin a haife ni, ta murza ƙyallen da yatsu biyu ta ce, "Ɗan nan, in wannan za ka ɗaura ka gaya mini in yi zamana a gida. Ni na yi maka wanka kana jariri, abin da na gani ya ishe ni."

Na uku, kuma a nan ne nake shakkar kaina. A bayan masaƙarku akwai wata ƙofa marar alama, inda kuke sayar da ragowar yadi ga irinmu. Can na sami ulu mai nauyi, kore da shuɗi, da siririn jan layi. Na gidanmu layinsa rawaya ne, amma daga nesa, ga mai raunin ido, kusan ɗaya suke. Na tambayi matar da ke wurin ko na wane dangi ne, don kada in ɗaura sunan wasu a zo a tare ni a bakin coci. Ta ce, "Ba na kowa ba ne, malam, ragowar wani babban aiki ne." Na ji daɗi har ban tambayi wane aiki ba. Ta naɗe mini, ba rasit, don ta ce wannan ƙofar ba ta san rasit ba. Goggo Effie ta yanka, ta ɗinke kowane ninki da hannu, layi ya hau kan layi. Ɗan abin da asu suka bari na mahaifina kuma ta liƙa shi daga ciki, wajen ƙugu, don a sami Garrow ko kaɗan a jikina. Yadin da aka yanka aka ninke ba ya komawa, wannan ma kun fi ni sani.

Na huɗu. Ranar Lahadi muka je Otal ɗin Bakin Gaɓa da surukai, don a ɗanɗana abincin biki a ɗakin taron da aka gyara kwanan nan. Ishbel ta ce in ɗaura kiltin ya saba da jikina. Muna shiga na ga babban aikin naku. Labule, kore da shuɗi da jan layi. Kujeru, haka. Falmaran ɗin masu kawo abinci, haka. Na rasa abin yi, na zauna, shi ne kuskuren da ya fi. Uban ango, Hector Munro, wanda ke ɗaure da kilti na babban shagonku, ya waiga hagu ya waiga dama ya ce, "Ina surukina? Yanzun nan fa na gan shi. Ishbel, kin bar rigar mijinki a kan kujera, ga kansa a ciki!" Da na miƙe don in je bayi, wata dattijuwa ta miƙo mini kofi ta ce shayin ya huce.

Na biyar, shi ne ya hana ni cin kifin da aka kawo. Tagogin ɗakin duka da labule, sai ta ƙarshe, tsirara take. Mai otal ɗin, Uwargida Lennox, ta dubi tagar, ta dubi gwiwoyina, ta sake duban tagar. Sai ta ɗauke cokulan da ke kusa da ni. Kafin jirgin safiyar Litinin ya tashi, labari ya gama Ardcullin. Wani mai kamun kifi ya leƙo tagar tikiti ya ce, "Murdo, a ja ka ne ko a bar ka a buɗe?" Matuƙin jirgi kuma ya sa aka kulle ɗakin tawul, wai don tsaro. Shekara ashirin ina aiki a tashar nan, ko biro ban taɓa kaiwa gida ba.

Jiya da yamma Morven ta zo. Ta yi dariya har da hawaye, dariyar ta ƙare hawayen bai ƙare ba. Tana juya kiltin a hannu sai ta ci karo da ƙyallen kakanta. Ta daɗe tana shafa shi, sannan ta ce, "Baba, wannan za ka ɗaura, ko da za a ɗauke ka a matsayin kujera. Ni dai kada a ce ɓarawon labule ne ya kai ni coci."

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba kuɗi nake nema ba, ba kuma bandir ba. Layi biyu nake roƙo a jaridar gari, cewa ku kuka sayar mini, da rana tsaka, ta ƙofar baya. Akwai dai abu ɗaya da nake jin nauyin ambata. Ni mutum ne mai son auna abu. Yau da safe na bi ta bayan otal ɗin da igiyar awo a aljihu, na auna tagar nan daga waje, na yi lissafin ninki. Yadi takwas take ci. Uwargida Lennox kuma tana gaya wa duk mai kunne cewa kuɗin labulen tagogi duka ta biya ku. Ba na zargin kowa. Wataƙila awona ne ya miƙe, wataƙila ni ne ban iya lissafi ba, a sakandare na tsaya. Amma idan masaƙa ta sayar da yadi ɗaya sau biyu, sau ɗaya ga taga, sau ɗaya ga ƙugu, wa ya kamata a kulle wa ɗakin tawul?

Ina yi muku fatan ciniki mai albarka ta kowace ƙofa.

Naku mai biyayya, a tsaye, nesa da kujera,
Murdo Garrow
Tashar jirgin ruwa, Ardcullin

Ayyukan da ban gama ba, sai gobe:

Sayen maganin asu, ko da yake ba abin da ya rage musu.
Tambayar otal ko suna da fararen rigunan kujera.
Gaya wa Hector abin ya isa haka. Ko kuma a bari sai bayan biki.
Sake auna tagar, ko na yi kuskure.
Idan masaƙa ba ta amsa ba: zuwa wurin Uwargida Lennox, a cikin wando, in roƙe ta aron labulenta har in kai Morven coci.