Kuɓewata a Kan Wutar Asibiti

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka shigo da zanena tsakiyar asibiti an ƙulle kuɓewa a ciki ba.

Lokacin ina goyon fari. (Ba zan faɗi sunan yaron ba, kun san kunyar ɗan fari, Baffa ake ce masa a gida.) Ni kuwa irin uwar nan ce da ko atishawa yaro ya yi sai ta taɓa goshinsa. Ina da dalili: ƙyanda ce ta ɗauke 'yar yayata ina kallo. Shi ya sa tun da aka ce mini sai ya kai wata tara za a yi masa allurar ƙyanda, nake jiran watan kamar mai jiran Sallah.

Gidanmu a Ƙofar Kibo katanga ɗaya ce tsakaninsa da ƙaramin asibitin unguwa. Da can, in an ɗauke wuta firjinsu ya huce, sai a ce mu koma gida, ba allura. Wata rana sai wasu maza suka zo da tsani da wayoyi, suka daɗe a zaure da surukina, sannan suka hau kan soron ɗakin girkinmu suna ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Na tambayi maigida, ya ce, "Kayan asibiti ne. Darbejiyarsu ta tare musu rana." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Iyakar bayanin da ya shigo cikin gida ke nan.

A lokacin ina fama da awakin Inna, surukata. Duk shanyar da na yi a ƙasa tasu ce. Ranar da suka cinye mini rabin kuɓewa, na ɗaure zani na hau tsani neman wuri a sama. Me zan gani? Wasu baƙaƙen gilasai masu faɗin ƙyaure, sumul, an ɗan karkata su suna kallon rana. Na ɗora tafin hannu, zafi rau. Na ce a raina, kai, gwamnati ta san darajar shanya.

Na shimfiɗa zanena a kai, na danne gefe da duwatsu, na baza kuɓewa. A kan ɗayan gilashin kuma na jera tsummokaran Baffa. Wallahi ban taɓa ganin bushewa irin wannan ba. Kullum da hantsi sai in hau, sai la'asar in sauke. (Har tausayin matan da ba su da irinsa nake ji. Allah ya taimake ni ban gayyato maƙwabta ba, don na yi niyya.)

Ranar allura na yi shanyata da wuri, na yi wa yaro wanka, na ɗaura ɗankwali, na zagaya asibiti. Na tarar da mata cike da benci, Sista Ladi mai yi mana allura tana ta kai da kawo, fuska ba walwala.

"Ku yi haƙuri," in ji ta. "Sabon firjin ne ya kunna jar fitila. An kira injiniya."

Wata tsohuwa kusa da ni ta ce an fara ƙyanda a wajen Ƙofar Doka. Na ƙara matse Baffa, na ce da ƙarfi, kowa na ji, "Su dai ba sa kula da kayan aiki. Duk wanda ya lalata firjin nan bai ji tsoron Allah ba."

Injiniyan wani dogo ne mai furfura a gemu. Ya buɗe bayan firji, ya gwada batir, ya bi waya da hannu har katanga. Ya ce, "Nan lafiya lau. Daga sama ne wuta ba ta saukowa." Ya fita. Muka jiyo ana sallama a gidanmu, ana cewa mata su kauce maza za su shigo. Har a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Can sai ga shi ya dawo da ƙulli a hannu, tsummokara a kafaɗa. Ya ajiye a kan teburin awo, kuɓewa ta watse. Ya tambaya a hankali, "Bayin Allah, wannan na wace ce?"

Ba sai na amsa ba. Zanen da ɗankwalin da ke kaina turmi ɗaya ne, atamfa mai zanen tsuntsaye ja. Idanu suka tashi daga tebur suka sauka a kaina ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar nan ta leƙo fuskata ta ce, "'Yar nan, ashe mara tsoron Allahn a kusa take."

Aka fashe da dariya. Ni ko kunyar ma ba ta gama isowa ba, tsoro ya riga ta. Na ce, "Sista, maganin ya lalace? Na yaran nan duka?"

Ta dube ni, ta ga hawaye. Ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ina ganin jar fitila na kwashe shi cikin akwatin ƙanƙara. Ba abin da ya same shi."

Sai a nan na zauna daɓas.

Injiniya bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Malama, abin nan hasken rana yake tsotsa kamar yadda ɗanki ke tsotsar nono, ya tara a batir, batir ya sanyaya firji. Ke kuma kullum sai ki rufe masa baki da zani." Sannan ya juya ga Sista. "Laifinmu ne. Mun yi wa maza bayani a zaure, alhali maza ba sa shanya."

Kafin azahar aka yi wa Baffa allurarsa, ya tsala ihun da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. Da bazara ƙyanda ta ratsa unguwa, ta wuce shi, ta wuce yaran da muka zauna benci ɗaya da iyayensu. Har yau in na yi salla ina sa Sista Ladi da injiniyan nan a addu'a.

Abin da ya rage mini shi ne suna. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai dai, "Injiniya, zo ki kwashe tuwo." Aka kuma damƙa mini aikin goge gilasan, tunda dai na saba da tsanin.

Na koyi darasi: duk abin da maza suka kafa suka ce "kaya ne", in tambaya har sai na ji me yake ci. Amma tsakanina da ku, ban sake samun busasshiyar kuɓewa mai kyan waccan ba. Injiniya ma da zai tafi, sai da ya roƙi a ƙulla masa kaɗan.