Zambon da Na Ɗauko da Kaina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da nake ajin ƙarshe a Sashen Hausa ba, kuma har yau ban yafe wa makaɗi Ilu ba.

Kundin digirina a kan waƙoƙin noma ne. Dakta Binta, malamar da ke duba aikin, ta ce ba za ta sa hannu ba sai na naɗo waƙar gayya da kaina, na kunna a gaban malaman sashe. In babu, sai baɗi. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, tunda kawuna ya kira gayya a ƙauyen Taba.

Na isa gonar Kawu Sale da farar shadda (har da takalmi sau-ciki, Allah ya shirye ni). Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, nan ba a kallo. Mai son kiɗa ya kama galma."

Na jefa waya aljihu tana naɗa, na kama. Samari sun gama kunya ta uku ina tsakiyar ta farko. Ilu ya biyo ni da ganga, jama'a na ihu, na ɗauka zuga ni ake yi, don ba na jin komai sai bugun zuciyata. A gindin ɗorawa na farfaɗo, ana yi mini fifita da malafa.

Na koma makaranta ana gobe gabatarwa, bayana ya riƙe, na kwanta ban saurari komai ba. Ni da na koyi aiki a gidan rediyo, inda ba a sakin murya sai an tace ta!

Washegari ɗakin taron ya cika. Na yi shimfiɗa da muryar masu karanta labarai, na ce waƙar noma ita ce madubin martabar manomi, sannan na danna. Nishi ya fara fitowa, kamar na tsohon injin markaɗe. Sai muryar Ilu, tar:

"Ɗan boko mai hannun tuwo,
Galma ta fi biro nauyi.
Sale, wannan naka ne ko na aro?"

Aka amsa, "Na aro ne!" Muryar da ta fi ƙarfi a amshin ta Kawu ce. Ƙanen mahaifiyata fa!

Wani tsohon farfesa ya cire tabarau yana share hawaye. "Yaro, wane ne ɗan bokon nan?"

"Wani ne, ranka ya daɗe."

Ban rufe baki ba wayar ta ce, da muryata sak, "Kawu, ruwa! Zan mutu!"

Dakta Binta ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma nata ya fi ciwo. "Madalla," in ji ta. "Zambo na nan take, ba kullum ake samu ba. Ka rubuta shi baiti-baiti, ka yi masa sharhi a babi na huɗu."

Da hannuna na rubuta cewa "hannun tuwo" siffantawa ce mai fito da ragwancin wanda ake wa zambo, kuma makaɗin ya nuna gwaninta. Gwaninta! Sai da ta ga haka ta sa hannu. Kundin yana ɗakin karatu, ƙananan ɗalibai na aron sa, in sun gan ni su gaishe ni da ladabin da bai kwanta mini ba.

Abin da na koya ke nan: in ka je nazarin mutanen ƙauye, su ma nazarinka suke yi, kuma su a take suke wallafa nasu.